Tayar inci 27 tana gogar jikin babur ɗina mai ƙafa huɗu

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da babur mai ƙafa huɗu, injinsa 500cc, da shi nake shiga fadamar shinkafa ta wajen Wamakko. Tayoyinsa na asali 25x8-12 ne a gaba, 25x10-12 a baya, wato duk masu tsayin inci 25. Da damina cikinsa yakan zauna a laka, tayoyi su yi ta juyawa a banza, sai an taru an tura ni.

Shi ya sa na sayo masu inci 27 masu manyan haƙora, suka hau rim ɗin lafiya. Amma da na karya kan babur zuwa ƙarshe, tayar gaba sai ta riƙa gogar robar da ke samanta, har ta ci wuri ya yi fari. Mai faci ya rage iska, bai hana ba. Bakanike ya ɗan yanke robar, shi ma haka, musamman idan na ɗora buhu biyu. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfi ya ragu, a yashi ina jin ƙaurin bel ɗin da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi.

Don Allah, idan na koma inci 26, zai wadatar ba tare da an ɗaga babur ko an taɓa kulocinsa ba?