"Zaɓi" ko "masaiti"? Ku zo mu tsayar da kalma ɗaya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu rubuta manhaja da malamanmu na harshe. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙoshi tun makon jiya, na ga gara in kawo ta gabanku. Ina rubuta wa ɗalibaina ɗan littafin koyon PHP, harshen rubuta manhajar shafukan intanet, da Hausa, sai na iso babin curl, inda nake son in gaya musu abin da aka ƙara a PHP 8.4 da ya fito a watan Nuwamba na 2024. Turawa suna cewa an ƙara wa "extension" ɗin curl sababbin "options" na "transfer". Ban yi wata-wata ba na rubuta "sababbin zaɓuɓɓuka". Da na sake karantawa da safe, sai jimlar ta ƙi kwanta mini.

Ga wanda bai san curl ba: manhaja ce ta kai bayanai da ɗauko su ta intanet. Daniel Stenberg, mutumin Suwidin, shi ke jagorantar ta, kuma tun 1998 take amsa wannan suna. A 2000 aka fitar da libcurl, wato injin da ke cikinta, domin wasu manhajoji su riƙa aron sa. A wannan shekarar PHP 4.0.2 ya zo da hanyar magana da injin. In shafinka yana tuntuɓar kamfanin biyan kuɗi ko na tura saƙon waya, akwai yiwuwar ta nan yake bi. Kai kuwa mai rubutu, da curl_setopt kake gaya wa injin yadda zai yi tafiyar, kuma abubuwan da libcurl ke bari a taɓa sun haura 300.

To ga inda "zaɓi" ya gaza. A Hausa in an ce zaɓi, an jera maka abubuwa ne a ce ɗauki ɗaya, ko kuma an ba ka dama ka yi ko ka bari. Ku dubi CURLOPT_URL. Nan ake sa adireshin inda za a je. In ba ka sa shi ba, babu tafiyar gaba ɗaya. Ta yaya zan kira abin da ya zama dole "zaɓi"? Ku dubi CURLOPT_TIMEOUT: lamba kake ba shi, daƙiƙa 10 ko 30 ko yadda ka ga dama, babu wanda ya jera maka komai. Shi kuma CURLOPT_WRITEFUNCTION, guntun aikin da ka rubuta da hannunka kake miƙa masa, ya riƙa kiran sa duk lokacin da bayanai suka iso. Cikin ukun nan babu inda aka yi zaɓe.

Abin da ya fi damuna ba ma nahawu ba ne. Akwai CURLOPT_SSL_VERIFYPEER, wanda ke sa injin ya binciki takardar shaidar sabar da yake magana da ita, wato kwamfutar da ke ɗaya ɓangaren, kafin ya amince mata. A kunne yake zuwa. Na sha ganin ɗalibi ya gamu da matsalar takardar shaida, ya kashe shi, aikin ya wuce, ya yi murna, bai san ya buɗe ƙofa ga duk wanda ya zauna tsakaninsa da sabar ba. In na rubuta a littafi cewa wannan "zaɓi" ne, da bakina na gaya wa yaro cewa ganin dama ne. Kalmar za ta koya masa abin da nake kwana ina hana shi.

Shawarata ita ce "masaiti", jam'i "masaitai". Daga "saita" na ɗauko. Na san asalinta aro ce, amma ta daɗe da zama 'yar gida: ana saita agogo, ana saita rediyo, maharbi yana saita bindiga, makaniki yana saita inji. Sai na ɗora ta a kan ginin da muke yi wa sunayen kayan aiki: buɗe ya ba mu mabuɗi da mabuɗai, kulle ya ba mu makulli da makullai, auna ya ba mu ma'auni. Masaiti ke nan abin da ake saita inji da shi. Sunan curl_setopt ma sai ya fassara kansa: saita masaiti kaza a kan kaza.

Kuma ban ce a kori "zaɓi" ba, yana da gurbinsa, PHP 8.4 ɗin nan ma ya nuna gurbin sarai. Akwai tsohon masaiti mai suna CURLOPT_HTTP_VERSION, inda kake faɗin wane zubin HTTP, wato ƙa'idar musayar bayanan shafukan intanet, kake so a yi magana da shi. A 8.4 an ƙara masa CURL_HTTP_VERSION_3 da CURL_HTTP_VERSION_3ONLY. Waɗannan zaɓi ne na gaskiya, an jera maka, ka ɗauki ɗaya. Amma CURLOPT_PREREQFUNCTION da CURLOPT_DEBUGFUNCTION da CURLOPT_TCP_KEEPCNT, da suka zo a fitowa ɗaya da su, sababbin masaitai ne. In kalma ɗaya muke da ita, ba zan iya gaya wa ɗalibi cewa "an ƙara masaitai, an kuma ƙara wa wani tsohon masaiti zaɓi biyu" ba. Sai dai in ce an ƙara wa zaɓi zaɓi, ya bi ni da kallo.

Bayan na aika wannan shawara, na karanta amsoshinku tun jiya da dare, na gode ƙwarai. Bari in bi su.

Masu cewa "maɓalli": ya dace da waɗanda ake kunnawa a kashe, irin su CURLOPT_FOLLOWLOCATION, amma ba a rubuta adireshi a jikin maɓalli, kuma mun riga mun ba wa abin da ake dannawa a allo wannan suna. "Umarni" muna bukatar sa ga abin da ake bugawa a baƙin allo. "Sharaɗi" na darasin "in kaza ya faru, yi kaza" ne. "Linzami" ya burge ni, don da shi ake juya doki, sai dai linzamin kwamfuta ya riga mu.

'Yar'uwa da ta rubuto daga Maraɗi ta ce me zai hana mu bar aro, mu gina daga "daidaita", mu ce "madaidaici". Yaya, na so wannan shawara har raina, don daidaita ta fi saita tsufa a bakinmu. Matsalar ita ce madaidaici yana da aikinsa tuntuni: madaidaicin gida, madaidaicin mutum, ba babba ba ba ƙarami ba. In na rubuta "madaidaicin lokaci" ina nufin CURLOPT_TIMEOUT, mai karatu zai ɗauka lokaci matsakaici nake nufi.

Wasu sun ce a tsaya a "saiti" kawai, tunda kowa ya san shi a waya. Saiti shi ne yanayin da ka bar abu bayan ka saita. Daƙiƙa 30 ita ce saitin, CURLOPT_TIMEOUT shi ne masaitin. Bambancin yana da amfani a aji: masaitin nan saitinsa na asali 0 ne, ma'ana injin ba zai taɓa gajiya da jira ba. Mu da sadarwa ke yanke mana a tsakiyar aiki mun san abin da wannan ke jawowa, shafi ya tsaya cak mai saye yana ta kallon allo. Jimlar "kada ka bar wannan masaiti a saitinsa na asali" ta fita tsaf.

Gyaran da ya fi tsayar da ni shi ne na wani malamin Hausa, wanda ya ce ƙa'ida ba ta ba ni "masaiti" ba, "masaici" ta ba ni. Allah ya gafarta Malam, gaskiyarka. Harafin t yakan koma c in i ya biyo shi: rubuta ya ba da marubuci, karanta ya ba da makaranci, daidaita ɗin ma madaidaici ya ba da. Na kwana ina juya maganar. Abin da ya sa na tsaya a kan t abu biyu ne. Kalmomin aro da yawa sun riƙe ti ɗinsu ba wanda ya ji ciwo: fenti, siminti, kanti, har saiti kanta. Na biyu, a rubutunmu na yau da kullum ba ma sa alamar karin sauti, don haka mai aiki da kayan aiki sai su fito iri ɗaya a takarda. In muka bar "masaici" ga mutumin da ke saitawa, jam'insa masaita, muka ba abin "masaiti", jam'insa masaitai, mun raba su tun daga haruffa. In Malam yana ganin duk da haka kunne ba zai karɓa ba, ina saurare.

Wani ɗalibi ya tambaya me ya sa sai an "ƙara" masaiti a PHP, tunda libcurl na da shi. Tambaya mai kyau. Abin da ke tsakanin PHP da libcurl rubutu ne na harshen C, kuma sai an zauna an yi wa kowane masaiti rajista a ciki: sunansa, da irin abin da yake karɓa, lamba ce ko rubutu ko jeri ko guntun aiki. Masu karɓar lamba ba su da wuya. Masu karɓar guntun aiki sai an gina musu hanyar da C zai juyo ya kira PHP, shi ya sa sukan yi jinkiri. CURLOPT_DEBUGFUNCTION ya shafe fiye da shekara 20 a libcurl kafin ya iso PHP. CURLOPT_PREREQFUNCTION ya shigo libcurl 7.80.0 a 2021, ya jira shekara 3. Aikinsa kuwa babba ne: bayan an ƙulla layi, kafin a aika buƙata, yana nuna maka ainihin adireshin da aka haɗu da shi, ka ce a ci gaba ko a fasa. Sannan ko PHP ɗinka 8.4 ne, in da tsohon libcurl aka gina shi, wani masaitin ba za ka gan shi ba. CURLOPT_TCP_KEEPCNT sai da libcurl 8.9.0 zuwa sama. Akwai ma wanda PHP ne ya ƙirƙiro abinsa, libcurl bai san shi ba, wato CURLOPT_RETURNTRANSFER.

Wannan ya kawo mu sauran kalmomi biyu na jimlar. "Transfer" ba zan ce tiransifa ba, don kowa kuɗi zai ji ko sauyin wurin aiki. "Jigilar bayanai" na ɗauka, tunda jigila kai da kawowa ce, curl kuma yana yin duka biyun. "Extension" kuwa, "tsawaitawa" da nake gani a wasu fassarori ba ta faɗi komai ba, babu abin da ya ƙara tsawo. Na sa "ɗori", don abu ne da aka ƙera daban aka ɗora wa PHP, kana iya sauke shi ta hanyar rufe layi ɗaya a php.ini, fayil ɗin da ake saita PHP a ciki.

Ga yadda jimlar ta koma a littafin: "A PHP 8.4 an ƙara wa ɗorin curl sababbin masaitai na jigilar bayanai." Ranar Asabar zan karanta wa ɗalibai babin ba tare da na yi musu bayanin kalmar ba, in ga ko za su gane da kansu. Masu koyar da wasu harsunan manhaja irin su Python ko Go, ku gwada ta a naku ajin ku gaya mini ko ta zauna.