Me za mu kira "flipped classroom" da Hausa?

Jama'a, ku zo mu yanke wa wannan kalma suna. Kwana biyu ina rubutu kan yadda ake koyar da tafinta a jami'a, ita kaɗai ta tsaya mini a wuya.

Ga abin da take nufi. Malami ya naɗi laccarsa a bidiyo, ɗalibi ya kalla tun a gida, in an shigo aji sai aiki kawai. Malaman kimiyyar sinadarai biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, su suka yayata salon bayan sun fara naɗar darussansu a 2007 a wata sakandare da ke Colorado a Amurka, saboda ɗaliban da darasi ke wucewa.

A darasin tafinta abin ya zauna daram, don tafinta aikin kunne ne da baki. Ƙa'idoji bakwai na ɗaukar bayani da wani masanin tafinta, Jean-François Rozan, ya wallafa a 1956, kowa zai iya karanta su a ɗakinsa. Amma a sa wa ɗalibi jawabin minti biyar, ya saurara yana zana alamominsa a takarda, ya miƙe ya mayar da shi wani harshe, malam ya tare shi ya ce "ka tsallake adadin nan, ka mai da kore tabbaci", wannan sai a aji. Balle tafintar nan-take, wadda ake yi da na'ura a kunne ana magana kana magana, irin wadda ta yi suna a shari'ar shugabannin Nazi da aka fara a birnin Nuremberg na Jamus a 1945.

To, sunan fa? Wani ya kawo "kifaffen aji". Ban karɓa ba. Abin da ya kife ya lalace ke nan, kamar kwale-kwale ko gwamnati. "Birkitaccen aji" ya fi muni, sai a ɗauka ɗalibai ne suka fi ƙarfin malam. "Aji a baibai" ya ba ni dariya, kuma ya kusa, sai dai baibai kuskure ne, mai riga a baibai gyara masa ake yi.

Wata malama ta ce ai muɗala'a ce kawai aka yi wa sabon suna. Da gaskiyarta, amma rabi ta kamo. Mai muɗala'a yana duba darasi ne kafin malam ya karantar da shi, a nan kuwa karantarwar ce ɗungurungum ta koma gida.

Ni dai na tsaya kan "juyayyen aji". Juyawa ba ta ɗauke da aibi, kuma tana ba da aikatau: "malam ya juya ajinsa bana", "juya aji ya fi wuya a zangon farko". Na san ba ajin ne ke juyawa ba, lacca da aikin gida ne suka yi musayar wuri, don haka "juyayyen darasi" ma ba laifi. Wanda bakinsa ya fi sakewa da na biyun, ya faɗa mana dalili.