Tambaya: harsashi mai nauyin giren 150 ko mai 180, wanne ya fi dacewa da harbin nesa?

Safiyon Rayfield ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni safiyo ne a nan Jos, kuma akwai wani ɗan Afirka ta Kudu da muka yi aikin ma'adinai tare wajen Bukuru. Ya gayyace ni gonar gidansu a yankin Karoo a watan Yuli, lokacin sanyinsu, mu yi farautar kudu, wannan babbar dabbar mai murɗaɗɗen ƙaho da ta ɗan yi kama da gwanki. Bindigarsa zan ara, ƙirar .30-06 ce, kuma shi yake ɗura harsashinsa da hannunsa, don dokarsu ta bai wa mai lasisi wannan damar. Jiya ya aiko mini da saƙo wai in zaɓa, mai giren 150 zai ɗura mini ko mai 180, har mai 200 yana da shi. Ya ce filin fetal yake, ga iska, harbin yakan kai mita 250 zuwa 400.

Ni iyakar sanina bindiga mai baki biyu ta marigayi mahaifina, da zabi da makwarwa a gindin duwatsun Shere, taku 40 idan ta yi nisa. Ina saurayi na taɓa harbin gada ban same ta da kyau ba. Muka bi jininta har magariba ba mu gan ta ba, kuma Baba bai ce mini uffan ba har muka iso gida. Har yau abin yana raina. Ba na son in maimaita wannan a kan dabbar da ta haura kilo 200. Masu sani ku taimaka.

Malamin Fiziks:

Wa alaikumus salam. Yallabai, mu fara da ma'auni. Giren 7,000 ne laba ɗaya, saboda haka mai 150 bai cika giram 10 ba, mai 180 kuma giram 11.7 ne. A hannu bambancin kaɗan ne, a iska kuwa ba kaɗan ba ne.

A .30-06, mai 150 yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 890 a daƙiƙa, mai 180 kuma kusan 820. Za ka ce ai na farkon ya ci. To amma kaurinsu ɗaya ne, inci 0.308, ƙarin nauyin ya tafi ne a tsawo. Dogon harsashi mai tsini da siririyar gindi yana ratsa iska ba tare da ya zubar da gudunsa da wuri ba. Jefa tsakuwa da ɗan ɓawon gyaɗa masu girma ɗaya ranar da hunturu ke kaɗawa, za ka ga abin da nake nufi. Wannan ƙwazon ratsa iskar shi ake rubutawa BC a jikin kwali, kuma idan siffarsu ɗaya, mai nauyi ne ke da maki mafi yawa. Shi ya sa tazarar gudun nan take ta raguwa yayin da nisa ke ƙaruwa.

Faɗuwar harsashi ba ta cika damuna ba, don lissafi ce. Idan an saita madubin hangen da ke kan bindiga a mita 200, a mita 400 dukkansu za su sauka da ƙafa biyu ko fiye, kuma na'urar auna nisa za ta gaya maka nawa za ka ɗaga. Iska ce ba ta da na'urar da za ta faɗa maka abin da take yi a tsakiyar kwari. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana iya kautar da harsashi fiye da ƙafa guda a wannan nisan, kuma mai nauyi ya fi jure mata. Ni dai 180 zan ce.

Ka tambayi abokinka murɗin cikin bututun. Dogon harsashi yana buƙatar juyi mai sauri kafin ya tafi a miƙe. Yawancin .30-06 juyi ɗaya ne a kowane inci 10, gadon ainihin harsashin sojan Amurka mai giren 220 da aka yi kafin .30-06 ɗin ya fito a 1906, saboda haka 180 ba zai ba ta wahala ba. Wani abu kuma, Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba, kuma tudun Karoo ma haka yake. Lissafin da aka buga a kwali na bakin teku ne, sai an gwada a can.

Tsohon Soja:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma akwai inda ya tsaya. Isar harsashi daban, aikin da zai yi bayan ya isa daban.

Ɗana, ka tambayi mutumin nan wane irin 180 ne. Akwai na gasar harbin allo, irin su Sierra MatchKing, wanda kamfanin da kansa bai ba da shawarar a yi farautar manyan dabbobi da shi ba. Na farauta an ƙera shi ne ya buɗe kamar laima idan ya shiga nama, amma kada ya tarwatse a kan ƙashin kafaɗa. Harsashin farauta mai suna Nosler Partition da aka fara yi a 1948 ya samo asali ne daga irin abin da ya same ka. John Nosler ya harbi wata ƙatuwar dabbar dawa a Kanada a 1946, harsashinsa ya kasa shiga ciki, sai ya koma ya raba dalmar gida biyu da bango a tsakani, gaba ta buɗe, baya ta ci gaba da turawa. Irin waɗannan suna buƙatar gudun kusan mita 550 a daƙiƙa lokacin da suka bugi dabba, in ba haka ba sai su huda kamar basilla su wuce, dabbar ta tafi ta mutu a inda ba za ka gan ta ba. A nan ne mai 200 yake iya cutar ka: ya fito a hankali, ya isa a gajiye. Mai 180 yana da sauran ƙarfi a mita 400.

Sai shurin bindiga. Mai nauyi ya fi dukan kafaɗa, kuma na horar da yara da yawa, na san yadda tsoron shuri yake sa mutum ya runtse ido ya fizgi kunama. Kafin ku fita daji ka nemi ya kai ka filin gwaji. Ka kafa abu mai faɗin faifai, ka harba daga kan sandunan dogara, ba daga kan tebur ba. Nisan da kake sa 5 cikin 5 a faifan nan, shi ne nisanka, ko da mita 150 ne kawai.

Kuma ka ji ni da kyau: ko kwanso ɗaya kada ya biyo ka cikin jaka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 tana nan, mallakar harsashi ba lasisi laifi ne, ɗura shi a gida kuwa ƙera makami ne a idon hukuma. Kai ɗan Jos ne, ba sai na faɗa maka yadda ake kallon irin wannan a shingen bincike ba. A bar ɗurin ga mai shi da littafin ma'auninsa, don albarushi ba a yi masa kintace.

Jikan Sarkin Baka:

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma kakana da bindigar toka ya ciyar da gida, kuma bai taɓa harbin gwanki daga inda ba ya ganin ƙiftawar idonsa ba. Yakan kwashi ƙura ya saki ya ga inda iska ta nufa, ya cire takalmi, ya yi rarrafe awa guda. Mita 400 ɗin nan, kafin harsashi ya isa an yi rabin daƙiƙa, dabba ta ɗaga ƙafa ɗaya kawai sai ka samu tumbi maimakon huhu. Yaya, ka ce wa mai masaukinka ya matsar da kai kusa. Kuma kada ka manta da bisimilla lokacin sakin harbi, ka riƙe wuƙarka mai kaifi, idan ka tarar da sauran rai ka yanka.

Safiyon Rayfield:

Allah ya saka da alheri, Baba Soja, Malam, da ɗan uwana jikan maharba. Na tura masa tambayoyin. Ya ce bututun juyi ɗaya ne a inci 10, kuma 180 ɗin da yake da shi Partition ne, shi na zaɓa. Mun ware kwana biyu na farko don filin gwaji. Na kuma gaya masa tun yanzu cewa idan faifan ya tsaya a mita 200, to duk kudun da ya wuce nan sai dai mu rarrafa ko mu bar shi ya tafi.