Shekara bakwai a jami'a ko shekara biyu a Panteka?

Ɗan Rigasa:
Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya da daddare ƙanena ya zo in taya shi cike JAMB, wai injiniyan lantarki yake so, irin abin da na karanta. Na ce masa in dai da shawarata zai yi aiki, kada ya soma. Mahaifiyarmu ta ji, har yanzu ba ta sakar mini fuska ba. Shi ya sa na kawo maganar nan.

A 2017 na shiga jami'a, karatun shekara 5. Yajin aikin ASUU ya ci mana wata 3 daga ƙarshen 2018, ya ci wata 9 a 2020 ga korona a kai, ya sake cin wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Sai 2024 na fita. Da na tafi bautar ƙasa, makarantar sakandare aka tura ni koyar da lissafi. Yau ina bin wani maigida muna haɗa sola a gidajen mutane, mutumin da bai gama sakandare ba, shi ke sallamata da yamma. Abokina da muka gama aji shida tare ya shiga Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, koyon walda, yanzu da shagonsa da yara huɗu a ƙarƙashinsa, ya yi aure har da haihuwa. Matsayata ita ce, a Najeriyar yau karatun injiniya a jami'a asarar ƙuruciya ce ga ɗan talaka. Wanda yake ganin ba haka ba, ya kawo hujja.

Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka faɗi gaskiya. Duk shekara ana turo mini ɗalibai su yi wata shida na koyon aiki. Wallahi akwai wanda ya zo yana aji huɗu, na miƙa masa abin walda, bai san ta inda ake maƙala sandar ba. Tabarau ma sai da na ce ya saka, da ya kwana yana kukan ido. Yaron da ya yi shekara biyu a wurina zai haɗa maka injin markaɗe daga farko har ƙarshe. To wanne ne injiniya a cikinsu?

'Yar Aji Huɗu:
Kawu Mai Walda, kada ka ga laifinmu. Ɗakin gwaje-gwajenmu akwai injin sassaƙar ƙarfe guda ɗaya, ya girmi mahaifina, kuma tun da na shiga makarantar ban taɓa jin ƙararsa ba. Ranar aikin hannu mu sama da 100 ake tarawa, ma'aikacin wurin ya tsaya ya nuna da yatsa, ya ce da a ce akwai wuta ga abin da za ku gani. Sai a ba mu alƙaluman da 'yan shekarar baya suka rubuta, mu kwafa, mu zana, mu miƙa. Ni abin da ya fi ci mini rai ke nan, ana ba ni maki a kan gwajin da ban yi ba. Ga ɗakin kwana na mutum huɗu mu tara ne a ciki, da asuba sai ka bi layin famfo da bokiti kafin lacca ta ƙarfe bakwai. SIWES ɗin ma, wato koyon aikin wata shida da kake magana, yanzu wata biyu ina yawo da takarda, babu wanda ya karɓe ni. Wasu ƙawayena sun haƙura, sun sami wanda zai buga musu hatimi a littafin, suna gida.

Yaya Injiniya:
Na karanta duka, kuma ban ƙaryata ko ɗaya ba, ni ma ta wannan hanyar na biyo. Amma Ɗan Rigasa, ƙanena, ka haɗa abu biyu ka yi musu hukunci ɗaya. Lalacewar jami'a daban, amfanin ilimin daban.

Ni ɓangaren gine-gine na karanta, shekarata 11 a wurin aiki. Bari in ba ku abin da ya faru da ni bara. Bene ne mai hawa uku, zane ya ce rodi 16 a ginshiƙai. Na zo da safe na tarar an ɗaure 12, saura a zuba kankare. Mai ɗaurin rodin dattijo ne, ya fi shekara 30 a sana'ar, hannunsa ya fi nawa sau dubu. Ya ce mini, Hajiya, ai bambancin kaɗan ne, milimita huɗu. A ido haka ne. Amma faɗin bakin rodi 16 ya kai milimita 201 murabba'i, na 12 kuwa 113 ne. Kusan rabin ƙarfen ya tafi ke nan. Na sa aka kwance, mai ginin ya kira ni ya zage ni tas, ya ce ina ɓata masa kuɗi. Haka muke fama a kan cire katakon da ke riƙe kankare, su suna so a cire da wuri a kai wani aikin, alhali kankare sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa.

Mun ga bene mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi a Nuwamban 2021, mutum sama da 40 suka rasu. Mun ga makarantar da ta rufta a Jos a Yulin 2024 yara suna cikin aji, rai 22. Duk lokacin da na tuna yaran nan sai in ji ba zan iya yin shiru ba idan aka ce wannan karatun asara ne. Magini ya san yadda ake yi. Amma dole a sami wanda ya san dalilin da ya sa ake yi, wanda zai iya cewa a'a.

Mai Walda:
Hajiya, da girmanki, amma gine-ginen da ke rushewa ai da sa hannun masu takarda ake yin wasunsu.

Yaya Injiniya:
Haka ne Malam, akwai masu sayar da hatiminsu, kuma don irinsu aka kafa COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, tun 1970. Wannan rashin tsoron Allah ne, ba laifin lissafi ba.

Ɗan Rigasa:
Yaya, to ga COREN ɗin. Kafin su yi maka rajista sai ka kawo shaidar shekara 4 kana aikin injiniya bayan kammala karatu. A ina zan samo su? Duk tallar aikin da na gani ana neman mai gogewar shekara 3 ko 5. Ba za a ɗauke ka ba sai ka goge, ba za ka goge ba sai an ɗauke ka. Na tura takarda wurare sun fi 60, biyu suka kira ni. Ɗaya a cikinsu albashin da suka ambata bai kai naira 77,000 ɗin da nake karɓa a bautar ƙasa ba, kuma a Legas, in biya haya a ciki.

Baba na Kakuri:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, jikana ne ke rubuta mini. Na yi shekara 26 a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a sashen gyaran injuna. Ku duka kuna da gaskiya, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

A zamaninmu ma yaron da ya fito daga jami'a bai iya riƙe sifana ba. Ban taɓa ganin wanda ya zo da iyawa daga aji ba. Abin da ake yi, ranar da ya zo za a ba shi rigar aiki a haɗa shi da irinmu. Ya yi wata shida yana bin mu, yana shan baƙin mai, muna nuna masa yadda ake gane ciwon inji da kunne. Shi kuma idan motar da ke juya inji ta ƙone sau biyu a wuri ɗaya, sai ya ɗauko takarda ya zauna ya gano mana dalili. Bayan shekara uku ya zama injiniya na gaske, mu ma mun ƙaru da shi. Masana'anta ita ce rabin makarantar.

To ina masana'antun? Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta rufe a 2002. UNTL ta bi bayanta a 2007. Da in aka tashi daga aiki a Kakuri, keke da mutane ba ka iya ratsa titi. Ku je Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano ku ƙirga ƙofofin da ke garƙame. Peugeot a Kaduna tun 1975 take haɗa motoci, a lokacin duk ma'aikatar gwamnati motarta take hawa. Ajaokuta an fara ta a 1979 tare da Rashawa, ina saurayi, yau ga ni da jikoki ba ta narka ƙarfen da aka gina ta dominsa ba. Matatar man Kaduna ta 1980 kowa ya san halin da take ciki. Waɗannan su ne wuraren da ya kamata su karɓe ka, ɗana. Jami'o'i sun ƙaru, ana ta yaye yara, gidan da za su shiga kuwa an rushe shi. Abin yana sa ni hawaye.

Malamin Tsangaya:
Baba ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ni ina koyarwa, kuma ina jin zafin da ɗalibai ke yi da mu a kan yajin aiki, don 'ya'yana ma sun zauna a gida. A 2022 wata takwas ba a biya mu ba, abokan aikina da yawa sun bar ƙasar. Yarjejeniyar 2009 tsakanin ASUU da gwamnatin tarayya da muka yi ta magana a kai, ciki har da kuɗin gyara ɗakunan gwajin da 'Yar Aji Huɗu ke kuka da su. Amma ba zan wanke mu tas ba. Akwai malamin da takardar da yake karantarwa da ita tun ta shekara 20 ce, bai taɓa shiga masana'anta ba, kuma yana alfahari da yawan waɗanda ya kayar. Wannan namu ne, ba na gwamnati ba.

Sai batun kwangila. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna kamfanin CCECC na Sin ne ya gina, aka buɗe a 2016. Na Kano zuwa Maraɗi, Mota-Engil na Fotugal aka ba. A 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a umarni mai lamba 5 cewa a fifita ƙwararrun gida a ayyukan gwamnati. Da ana bin sa sau da ƙafa, kowane irin wannan aiki makaranta ce ga ɗaruruwan yaranmu.

Ɗan Foli:
Ku da kuke da digiri ma kuna kuka, mu masu HND fa? Mun fi ku taɓa inji, amma COREN ba ta kiranmu injiniya, rukuninmu daban. Majalisa ta zartar da dokar cire bambancin HND da digiri a 2021, ba a sa mata hannu ba. Ni da zan ba yaron shawara, ko foli ko jami'a, ya fara duba wa zai riƙe masa hannu bayan ya gama.

Yaya Injiniya:
Ɗan Rigasa, tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa tsakaninka da Allah. A wurin maigidan naka, wa yake lissafin batir da kaurin waya?

Ɗan Rigasa:
Ni ne, Yaya. Kafin in zo da ido yake yi. Satina na biyu aka kira mu wani gida a Kinkinau, matar gidan ta ce tana jin ƙaurin roba a ɗakin da aka ajiye kayan. Inbata ce mai wat 3,000 a kan batir na bolt 24, aka haɗa su da waya 10mm. Na taɓa wayar, ba ta taɓuwa, robar ta fara narkewa a bakin batir, kuma katifar yara tana jingine a bangon. In ka raba 3,000 da 24, amfiya 125 ke bi ta wayar nan idan an ɗora mata kaya sosai. Wurin 35mm ne, da fis a kusa da batir. Na gaya masa, ya yi shiru, ya aika aka sayo. Tun ranar ba ya karɓar aiki sai na duba.

Amma wannan lissafin a aji biyu na koye shi. Sauran shekara biyar ɗin fa? Kuma har gobe shi ke da shago, shi ke da jari, ni ɗan sallama ne.

Mai Walda:
Ka ji ko. Wata shida ya isa a koya wa yaro wannan, ba sai ya tsufa a makaranta ba.

Malamin Tsangaya:
Malam, wata shida zai koya masa haɗa gida ɗaya. A Oktoban 2024 da layukan wuta suka lalace, yawancin Arewa ta kwana fiye da mako a duhu, asibitoci da masu niƙa da masu ƙanƙara duk suka tsaya. Wanda zai tsara tashar sola ta gari guda, ko ya gano abin da ke kayar da babban layi, ba a wata shida ake yin sa ba. In duk 'ya'yan talakawa suka bar fagen, 'ya'yan wa za su yi? Sai mu ci gaba da ɗauko baƙi.

Ɗan Rigasa:
Malam, na ji, amma ba zan ce wa ƙanena ya sadaukar da shekarunsa saboda tashar da ba a gina ba. Mahaifinmu ya rasu, kuɗin makarantarsa a wuyana zai faɗo, ko ya ci bashin karatu na NELFUND ya fito da bashi babu aiki. Ban janye maganata ba. Abin da zan iya yi, tunda Umma ta nace kuma shi ma yana so, zan bar shi ya cike, da sharaɗin daga Asabar ɗin nan zai fara bina wurin aiki, ya ɗauki tsani, ya hau rufi. Duk hutu da duk yajin aiki a shago zai yi su. Ranar da ya ce ya fi ƙarfin ɗaukar batir, ranar zan daina biyan kuɗin.

Baba na Kakuri:
Allah ya jiƙan mahaifinku. Ka je ka ba mahaifiyarka haƙuri tun yau, kada ka kwana.

'Yar Aji Huɗu:
Anti Injiniya, don Allah ko wurinku na karɓar 'yan SIWES? Ɓangarenmu ba ɗaya ba ne, amma ko aikin jan waya ne zan yi.

Yaya Injiniya:
Akwai masu aikin wuta a ginin, za su fara saka bututu a hawa na biyu wata mai zuwa. Turo mini takardarki ta akwatin sirri in yi magana da mai kula da su. Babu albashi sai kuɗin mota. Ki nemi takalmi mai rufi, hular kwano ina da ita, kuma ƙarfe bakwai da rabi ake farawa.