Surukata ta ce kuɗi muke biya ana koya wa yaro shara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan ɗana mai shekara biyu da wata takwas. Shekara shida na yi a gidan miji kafin Allah ya ba ni shi. Ni kaina a hannun kakata na tashi, inda ba a barin yaro ya taɓa komai, ko kofi na ɗauka sai an daka mini tsawa kada in fasa, har na girma ina fargabar yin abu in ba a ce in yi ba. Ranar da na fara ɗora tukunya a ɗakina hannuna rawa yake yi. Wannan ya sa na ƙudurta cewa ɗana ba zai tashi haka ba, na sa shi makarantar da take bin tsarin Montessori, inda ake barin yaro ya koyi yin abu da hannunsa. Zango ɗaya ya ƙare, yana sa takalminsa da kansa, kuma idan ya zubar da ruwa yakan je ya ɗauko tsumma. Amma ɗan facalata, sa'ansa, yana rera haruffan boko yana ƙirga har ashirin. Ranar Juma'a surukata ta ce a gaban kowa kuɗi muke biya ana koya wa yaro shara, da muka dawo gida kuma maigidana ya ce a canza masa makaranta. Barci ya ƙaurace mini.

Malamar renon yara:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki cire shi. Likitar nan ta Italiya, Maria Montessori, wadda ta kafa tsarin, ta buɗe makarantarta ta farko a 1907 a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum, kuma 'ya'yan talakawa ta fara da su, ba 'ya'yan masu hali ba. Abin da surukarki ta kira shara shi ne tushen tsarin: yaro ya juye ruwa daga ƙaramar buta zuwa kofi, ya ɓalla maɓalli, ya ɗebi wake da cokali daga kwano zuwa kwano, yana maimaitawa har ya gaji don kansa. Da haka yatsunsa suke ƙwari kafin riƙe alƙalami, hankalinsa kuma yake koyon tsayawa a kan abu ɗaya. Haruffa suna zuwa bayan ya haura shekara uku, masu kaushi ne da yake shafawa da yatsa yana furta sautinsu. Ɗan facalarki waƙa ya haddace. Ki nuna masa harafi ɗaya daga tsakiya ki gani ko zai gane shi.

Uwar 'yan biyu:
Malama, ki bar wannan magana. Ni ma haka aka ce mini, na biya kuɗin zango biyu na yara biyu, aka kuma ɗora mana kuɗin kayan koyo na katako, sai ranar da na shiga ajin ba zato na tarar da yara sun fi talatin a gaban talabijin, mai reno ɗaya tana danna waya. Har yau ba su mayar mini da kuɗin rigunan ba.

Malamar renon yara:
Wannan laifin makarantar ne, ba na tsarin ba. Sunan Montessori ba mallakar kowa ba ne, kowa yana iya rubuta shi a allon ƙofa. Aji na gaskiya yana da kantoci daidai tsayin yara, kowane yaro yana zaɓar aikinsa ya mayar da shi inda ya ɗauko, malama kuma tana durƙushe gefe tana lura. Mai tambaya, kin taɓa zama a ajin kuwa? Yara nawa ne, kuma ina malamarsa ta samu horo?

Hajiya, kakar jikoki tara:
'Yata, ni abin da ya ba ni mamaki shi ne a ce sai an biya kuɗi. Mu da ƙaramar tsintsiya muka tashi, muna tsince wake a faifai kusa da iyayenmu, muna ɗiban ruwa da moɗa. Ki ba shi wannan a tsakar gida, ki kai shi makarantar allo idan ya tasa. Sannan ki kiyayi ja-in-ja da uwar mijinki. Matar ɗana ma haka take, ba ta barin in ɗauki jikana in ya faɗi, wai sai ya tashi da kansa.

Wani uba:
Ni dai ina bayan maigidanki. Makarantun firamare masu zaman kansu da yawa suna gwada yaro kafin su ɗauke shi, kuma haruffa da lissafi suke tambaya.

Mai tambaya:
Na gode, amma ina ganin ba ku fahimce ni ba. Hajiya, bene muke haya, babu tsakar gida, kuma ina fita aiki tun ƙarfe bakwai. Ajin ban zauna ba saboda ba sa son iyaye su riƙa shiga, amma na yarda da su, domin ina ganin canji a yarona. Ba shawarar cire shi nake nema ba, yadda zan shawo kan mahaifinsa nake tambaya.

Malamar renon yara:
Makarantar da ta hana uwa ganin aji ko sau ɗaya abar tuhuma ce. Ki nemi a ba ki rana, ku tafi tare da maigidan.

Mai tambaya:
Ba zai je ba, Malama, ya riga ya karɓo fom ɗin makarantar da ɗan facalata yake, kuma ranar Litinin ake rufe karɓa.