Takobi mai baƙon fasali: tsohon gaske ne ko ƙirar zamani?

Tambaya: Jama'a, takobi ne mai lanƙwasa biyu, an ce ya haura shekara 200. Me ake fara dubawa?

Amsa 1: Malam, fara da ƙarfen da ya shige cikin ƙota. Na da, ci gaban ruwan takobin ne. In ka ga an yi masa waldar lantarki, sabo ne ko gyararre. Sannan tsohuwar tsatsa baƙa ce, ta kama jiki, wani wurin ta fi ci. Ta asid kuwa, wadda masu jabu ke yi don takobi ya yi kama da tsoho, ja ce, bai ɗaya, tana bin yatsa.

Amsa 2: Ɗora shi a sikeli. Na hannu ɗaya yakan kai kilo 1 zuwa 1.5, kaurinsa na raguwa zuwa tsini. Jabu sau da yawa kauri ɗaya ne.

Amsa 3: Don Allah kada ka goge shi, shaidar ke nan za ka kankare.