Zunubin "venial": yayyafi ne ko haki?

Ɗalibar Adabi: Assalamu alaikum. Na ci karo da "venial sin" a karatuna, ƙamus ya ce zunubin da ake yafewa. Fassarar ba ta kwanta min ba, sai ka ce akwai wanda ba a yafewa ko an tuba. Wane karin magana ne namu zai ɗauke ta?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, 'yata. Asalinta Latin ne, "venia", wato afuwa. Ta ratso ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci wajen shekara ta 1300. Kishiyarta "mortal", zunubi mai kisa. A kula, daban take da "venal", wadda ake faɗa wa mai cin hanci. Ɗalibaina kullum sai sun haɗa su.

Ɗan Katolika: Malam, bari in ƙara. A wurinmu sai abu uku sun haɗu zunubi ke zama mai kisa: laifin babba ne, mutum ya san haka, ya kuma yi da gangan. Shi ma ana yafe shi, amma sai an furta gaban Fada, wato limamin coci. "Venial" kuwa yana raunana zumuncin bawa da Allah, bai tsinka shi ba. Agustin, bishop ɗin Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya yi kashedi kada a raina irin wannan zunubi, domin ɗigo-ɗigo ke cika kogi. Ni dai "da yayyafi kogi kan cika" na zaɓa.

Hajiya Babba: A'a, ɗana. Wannan ana faɗinsa ne don ƙarfafa mai tari, kamar mai adashi. Alheri yake nufi. "Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido" ya fi dacewa.

Malamin Turanci: Hajiya, ai haki mutum ne da aka raina ya zo ya ba da mamaki, kuma sau ɗaya yake tsonewa. Ina taruwar?

Almajirin Zaure: Mu sagira da kabira muka sani. Suratun Nisa'i aya ta 31 ta ce in an nisanci manya za a kankare ƙanana, malamai kuma suna cewa ƙarami ba ya zama ƙarami in an dawwama a kansa. Nan yayyafin ya shigo, Hajiya, ambaliya ma ai kogi ne da ya cika.

Hajiya Babba: Na ji, amma ban taɓa jin tsohuwa ta tsawata wa jika da yayyafi ba. Da haki ake yi.